Surukata da Kashi na Tara

Bari in fara da wanke kowa: babu wanda ya aike ni. Ni na ɗauki ƙafata na kai kaina. Da na ja bakina na yi shiru a daren nan, kamar yadda kowane suruki mai hankali zai yi, da yanzu ina shiga garin Gumel da rana tsaka, ba sai duhu ya rufa ba.

Uwargida ce ta sauka, haihuwa ta uku, sai mahaifiyarta ta taso daga Gumel ta zo Kano don ta kama mata wankan jego. Kwana arba'in aka yanka. Duk magidanci ya san fassarar wannan: falo ya fita daga hannunka, kujerarka ta zama ta baƙuwa, kai kuma ka koma cin tuwo a kan benci a ƙofar gida kamar almajirin da aka saba da shi. In zan wuce sai in rusuna, kai a ƙasa, in ce, "Hajiya, barkanku da hutawa." Ita kuma ta amsa tana kallon bango, "Lafiya lau, Malam." Shekara goma sha ɗaya ina auren 'yarta, iyakar hirarmu ke nan. Duk wata magana da ta wuce gaisuwa, ta bakin uwargida take bi, ko da kuwa taku uku ne tsakaninmu.

Abu biyu ne Hajiya ba ta haɗa su da komai: lazimin asuba da fim mai dogon zango. Tun zamanin Samanja take gaban akwatin talabijin, lokacin da unguwa guda ke taruwa a tsakar gidan mai hali ana leƙe ta kafaɗar juna. Da tashar Arewa24 ta zo a 2014 kuwa, sai faɗuwa ta zo daidai da zama. Daɗin Kowa, Kwana Casa'in, Gidan Badamasi, Labarina, babu wanda ba ta san dangin kowa a ciki ba har kaka da kakanni. Kuma ita ba kallo take yi ba, shiga take yi. Za ta zame tabarau zuwa kan karan hanci, ta nuna allo da carbi, ta ce, "Kai, bawan Allah, kada ka shiga ɗakin nan! To, ka shiga. Wanda bai ji bari ba ai ya ji hoho." Ni kuwa daga benci ina jin komai, kuma Allah ya jarrabce ni da baiwar kwaikwayon mutane tun ina firamare. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

A lokacin akwai wani shiri da ya kama ta fiye da sauran. Sunansa ba zan faɗa ba, domin har yau ban gama shi ba, kuma na san halinku, wani zai tare ni a hanya ya gaya mini ƙarshensa. Abin da ya kamata ku sani shi ne, kashi na takwas ya tsaya daidai inda uwargidan wani Alhaji ta miƙa masa kofin shayi tana wani irin murmushi. Mako guda Hajiya ta yi tana juya maganar shayin nan. Ranar kashi na tara ta yi sallar isha'i da wuri, ta gyara zama, aka fara kiɗan buɗewa, sai ɗif, aka ɗauke wuta. Na ruga wajen janareto, na ja igiya har kafaɗata ta amsa, sannan na tuna kuɗin man da aka ba ni ajiya na yi cefane da su tun shekaranjiya.

Cikin duhu na ji muryarta: "Ba komai. Allah bai nufa ba." Irin "ba komai" ɗin nan da ta fi zagi ciwo.

A nan ne shaiɗan ya buga mini ganga. Na gyara murya daga bakin ƙofa na ce, "A faɗa wa Hajiya kada su damu. Yanzu zamani ya canza, komai yana cikin waya. Gobe war haka cikakkensa yana hannunsu, in sha Allah." Uwargida ta haska fuskata da tocila, ta daɗe tana kallona, ta kashe.

Washegari na fara da inda kowa ke farawa, wato YouTube. Dalilina mai ƙarfi ne. Tun da kasuwar faifan CD ta mutu, can ne 'yan Kannywood da yawa suka mayar da shagonsu. Izzar So na Lawan Ahmad a can ya yi suna tun 2020, Labarina na Aminu Saira ma ana samun sa a can, kuma tallan da ke katse maka kallo shi ne kuɗin tikitin da kake biya ba tare da ka sa hannu a aljihu ba. Sai dai abin da ban yi la'akari da shi ba shi ne, ba kowane shiri ne masu shi ke sakawa a can da wuri ba, kuma inda mai kaya bai baje ba, 'yan kama-wuri-zauna ne ke bajewa.

Na rubuta sunan shirin, na ƙara da "kashi na 9". Sai ga su sun jero fiye da ashirin, kowanne da hoton kofin shayi da jan kibiya. Na taɓa na farko, minti hamsin da takwas. Na ce madalla, tsawonsa ya yi daidai. Ashe hoto ɗaya ne a tsaye cak, da muryar wani saurayi mai mura yana bayyana abin da yake zaton zai faru, duk bayan numfashi biyu yana roƙon a danna masa ƙararrawa. Minti goma sha biyu na ba shi, ina jiran hoton ya motsa.

Na huɗu ne ya motsa. Ga 'yan wasa, ga falo, ga Alhaji da babbar riga. Murna ta hana ni tsayawa in duba da kyau. Na shiga wajen saitin kyan hoto, na ga lambobi a jere: 144, 240, 360, 480, 720, 1080. Lambobin nan adadin layukan ɗigon hoto ne daga sama zuwa ƙasa, iya yawansu iya kyan hoton, iya kuma cin data. Na ce surukata guda, uwar matata, kakar 'ya'yana, a ba ta 360? Allah ya kiyaye. Na danna 1080, na goge fuskar wayar da gefen riga, na ba ɗan farina ya kai ciki. Shi ma ba zan faɗi sunansa ba, ɗan fari ne, ga shi kuma yana da laifi a gaba.

Minti uku sai ga shi ya dawo. "Abba, Hajiya ta ce wai wani zobe ne yake ta juyawa a kan hancin Alhaji."

Zoben nan, na zo na gane daga baya, ba mugunta ba ce. Bidiyon intanet ba a dunƙule yake zuwa ba, gutsure shi ake yi 'yan daƙiƙoƙi kaɗan-kaɗan, manhajar tana ɗebo na gaba tana tarawa kafin ka iso wurin. Kamar randa ce da ɗan garuwa: kai kana kamfata, shi yana zubawa. In yana zubawa fiye da yadda kake sha, ba za ka taɓa ganin gindin randa ba. In kuwa ka ɗauko babbar ƙwarya alhali ɗan garuwarka gurgu ne, dole ka tsaya jira. Da na bar saitin a inda manhajar ke zaɓa da kanta, da ta rage girman ƙwaryar daidai da ƙarfin sabis ɗin unguwarmu. Ni ne na hana ta, don neman suna.

Haka aka yi ta yi, minti ɗaya kallo, minti biyu zobe, har saƙo ya faɗo a kan allo cewa datata ta ƙare. Uwargida ce ta karanta shi da ƙarfi, don kada wani ya rasa. Ga shi tun Janairun 2025 hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ta amince wa kamfanonin waya ƙarin kashi 50 cikin ɗari, data ta daina zama abin da ake wasa da shi. Na sake saye, amma wannan karon na sauko daga dokin girman kai gaba ɗaya, na danna 144.

Zobe ya ɓace. Fuskoki ma suka ɓace. Mutane suka koma kamar an dama fura an watsa a bango. Can sai uwargida ta leƙo. "Hajiya ta ce a tambaye ka, wane gari ne wannan da hazo ya yi musu yawa haka? Ta ce ko a Gumel ba a taɓa irinsa ba."

Duk da haka ta daure, ta bi su da kunne har minti arba'in. Sannan aka dawo mini da wayar da saƙo: an gode ƙwarai, Allah ya yi albarka, amma wannan kashi na tara ne na zangon bara, domin matar da ke ta magana a ciki ta rasu tun kafin azumi, Hajiya ma har kuka ta yi mata.

Rana ta biyu wani abokin aikina ya ce in bar wahala, a Facebook da TikTok ake samun komai da zafinsa. Gaskiyarsa, na samu. Sai dai ba a matsayin kashi guda ba. Wani bawan Allah ya yanka shi gunduwa-gunduwa kamar mai tsire, minti uku-uku, ya lanƙaya musu lamba. Na zauna na tattara: na ɗaya, na biyu, na uku, na biyar, na shida, na tara, sai wani na shida kuma daban. Na jera su a takarda, na koya wa yaron yadda zai bi, na tura shi.

Ba a jima ba na ji salati daga falo. Masu satar fim suna da dabarar guje wa na'urar da ke gane kayan wani ta hanyar kwatanta hoto da sauti: sukan juya hoton kamar a madubi, su matse shi cikin wani ƙawataccen firam, su ɗan ƙara wa murya sauri. Ni ban lura ba. Hajiya ta lura. Ta ce wannan wane irin gari ne kowa bahago, Alhaji na cin abinci da hagu, malami na miƙa hannun hagu a gaisa, babu mai tsawatarwa? Ga Alhaji, mutum mai cika ido, yana magana da muryar ɗan shekara bakwai da aka tsunkula. Ta jure wannan ma. Aka zo ƙarshen gunduwa ta uku, Alhaji ya ɗaga kofi. Aka shiga ta biyar, ana tsaye a farfajiyar asibiti ana kuka, ba a san wa ke ciki ba. Ta huɗu, mai shayin, ita ce babu. Hajiya ta sa yatsa ta shafa allon ko za ta fito, sai allon ya zame sama, ga wata yarinya ta cika fuska da hoda tana tiƙar rawa.

Aka dawo da wayar a kife a kan faranti, kamar abincin da aka ƙi.

Rana ta uku na ce araha ba ta ado, bari in bi ta ƙofar gaba. Akwai manhajojin da ake biya: Arewa24 na da tata mai suna Arewa24 On Demand, akwai Northflix ta finafinan Hausa, ga kuma Netflix da ta shigo Najeriya tun 2016, wadda ita da kanta ta ce kallon awa guda na iya cin gigabait ɗaya a hoto na yau da kullum, har uku a mai kyau sosai. Amfanin irin waɗannan a fili yake: kashi cikakke, a jere, ba bahago, ba muryar yara, kuma kuɗinka na isa ga waɗanda suka sha rana suka yi aikin. Na sami wadda ke da shirin Hajiya, na sauke ta, na yi rajista. Aka ce in ƙirƙiri kalmar sirri mai babban baƙi da ƙaramin baƙi da lamba. Na ƙirƙira, mai ƙarfin da ni kaina ban sake tuna ta ba. Na sake wata. Aka ce in sa lambar katin banki, na sa. Sai aka ce an tura wasu lambobi shida zuwa layin da na buɗe asusu da shi, in shigar da su kafin minti biyar.

Layin da na buɗe asusu da shi yana ƙauye, cikin 'yar ƙaramar wayar mahaifiyata. Ni na ba ta shi shekara huɗu da suka wuce, ina ta cewa zan je banki in canza.

Na kira. "Inna, ina wuni? Wani saƙo ya shigo wayarki yanzu, lambobi ne, a taimaka a karanto mini."

"Lafiya lau. Ya mai jego? Ya jaririyar? Cibiyar ta faɗi? Ana dai gasa ta ko?"

Kafin mu gama da cibiya minti biyar sun tafi. Na sake nema. Inna ba ta karatun boko, sai an nemo yaron maƙwabta, yaron maƙwabta kuma ya tafi kai wa babansa abinci gona. A karo na uku aka same shi, ya karanto mini lambobi shida a tsanake, tiryan-tiryan, na saƙon farko. A karo na huɗu Inna ta karɓe wayar.

"Wai ni kam, kuɗin mene ne ake ta cirewa haka?"

Da na ce na magani ne, da an wuce wurin. Amma ba a yi wa uwa ƙarya, musamman in ba a shirya ba. Na ce fim ne zan saya wa Hajiyar Gumel.

Shiru ya biyo baya, irin wanda ake jin kukan kaji a bayansa. Sannan ta ce, "To, madalla. Allah ya ƙara zumunci. Ni dai kwanon ɗakina tun damina yake yoyo, amma ba komai, ai akwai roba ina tarawa."

"Ba komai" ta biyu ke nan a mako guda. Wannan ta ci mini bandir ɗin kwano da kuɗin kafinta. Manhajar kuwa, saboda yawan kuskuren lamba, banki ya rufe katin don kare ni daga ɓarawo, wato ni.

Rana ta huɗu ba na son tuna ta, amma tun da na ɗauko, bari in sauke. Wani yaro a majalisa ya ba ni adireshin wani shafi da ya ce babu fim ɗin da babu a ciki, kuma kyauta. Bayan magariba, a kan benci a ƙofar masallaci, na buɗe. Maɓallan saukewa guda biyar na gani, kore, shuɗi, ja, kowanne na ƙiftawa yana cewa shi ne na gaskiya. Na taɓa kore, aka taya ni murnar cin sabuwar waya. Na taɓa shuɗi, aka ce wayata ta kamu da cututtuka goma sha uku, in ban yi maza ba za ta mutu. Na taɓa ja. Wayar ta ɗauki wani kiɗa da iyakar ƙarfinta, ga hoton wata baturiya da ba ta gama sa kaya ba, an rubuta wai tana kusa da ni kuma tana cikin kaɗaici. Na danna komawa baya, ta ƙi. Na danna kashewa, ta ƙi. Na tura wayar cikin aljihu, kiɗan ya ci gaba daga cikin aljihu. Ladan, wanda ke gefena yana jan carbi, bai ce komai ba. Ya dai matsa kaɗan. Da aka tashi isha'i liman ya yi gajeriyar nasiha a kan fitinar zamani da magidanta masu furfura, bai kalli kowa ba, kowa kuma ya san inda bai kalla ba. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Ni dai ban san har a ƙofar masallaci take zuba ba.

Rana ta biyar na sauke kai na tafi inda ya kamata in fara zuwa: shagon masu tura fim na bakin titinmu. Wani yaro ne da bai fi shekara goma sha bakwai ba, da kwamfuta ɗaya da igiyoyin caji kamar gidan gizo. Na fara yi masa bayani tun daga ɗauke wuta. Ya katse ni. "Baba, na tara ko? Kawo wayar." Ya tura mini ta Xender, wadda ke haɗa waya da waya kai tsaye ba tare da ta taɓa data ba. Kafin in gama ƙirga canji ya gama. Na san masu shirya fim sun daɗe suna kukan cewa irin wannan hanya na cinye musu gumi, kuma kukansu na kan gaskiya. Amma mutumin da ya yi kwana biyar yana faɗuwa a gaban surukarsa, fatawa ba ta shiga kunnensa.

Na iso gida, na ce wannan karon sai na gwada da kaina. Na buɗe da manhajar da ta zo da wayar. Hoto tangaran, kamar ka miƙa hannu ka karɓi shayin. Sauti kuwa babu. Alhaji na ta motsa baki kamar kifi. Ashe fayil ɗin bidiyo kamar ƙunshin kaya ne, hoto da ɗaurinsa, sauti da nasa ɗaurin, kuma ba kowace manhaja ce ta iya kwance kowane ƙulli ba. Ɗan farina, mai shekara tara, ya leƙo ta kafaɗata ya ce, "Abba, sa mai hular nan."

VLC yake nufi, mai alamar jan abin nan mai kama da hula da ake jerawa a titi in ana gyara. Wasu ɗaliban wata makarantar injiniya a Faransa ne suka fara ta, suka sake ta ga duniya kyauta a 2001, kuma har yau ba ta talla, ba ta neman katin banki, ba ta tura lamba ƙauye. Kusan duk abin da ka ba ta za ta buɗe. Na sauke ta, na taɓa, sai ga muryar Alhaji ta fito garau, muryar babban mutum. Har da wani saiti na ƙara sauti ya ninka, na kunna shi saboda kunnen Hajiya. Manhajar ta jero duk bidiyon da ke cikin wayar a wuri guda, abin gwanin sha'awa. Na ga wani maɓalli na kunna duka a jere, na ce wannan ya fi, kada wani abu ya tsaya a tsakiya a sake turo mini faranti. Na danna. Na ba yaro.

Jama'a, minti hamsin na yi a kan benci ina shan iskar nasara. Daga ciki ina jin Hajiya ta dawo cikin hayyacinta: "Kada ka sha! Ajiye shi! Kai, wannan mutum da taurin kai yake!" Na miƙe ƙafa. Har na fara tsara yadda zan amsa godiya, in ce ai ba wani abu ba ne.

Kiɗan rufewa ya tashi, ya sauka. Shiru na daƙiƙa biyu. Sai na ji wata murya ta cika gidan, an ninka ƙarfinta, murya mai kama da ta Hajiya amma da kauri a ƙasanta:

"Kai, bawan Allah, kada ka shiga ɗakin nan! To, ka shiga!"

Na san muryar. Tawa ce.

Mako biyu kafin nan, ranar da Hajiya ta raka uwargida asibiti rigakafin jaririya, na sami falona na awa biyu. Daɗi ya ɗebe ni. Na yafa mayafin uwargida, na ɗora tabarau a karan hanci, na ɗauki carbi, na zauna a kujerar Hajiya, na yi wa yara wasan kwaikwayo na minti shida, har da yadda take gyara ɗaurin ɗankwali in abu ya ba ta haushi, har da "Lafiya lau, Malam" ina kallon bango. Yara suka yi ta birgima. Ban san ɗan farin nan, da ya ce ara masa waya zai yi wasan mota, ɗauka yake yi ba.

Ban shiga na ƙwace wayar ba. Ta yaya? Suruki ba ya faɗawa falo a guje. Na tsaya a tsakar gida kamar an dasa ni, ina jin kaina ina tari irin nata. Da aka zo wajen "Lafiya lau, Malam" sai ƙafafuna suka yanke shawara ba tare da ni ba. Ranar ni na buɗe masallaci, ni na rufe shi. Ladan ya dube ni da tausayi, da alama ya ɗauka nasihar jiya ce ta kama ni.

Da safe babu makawa, dole a yi gaisuwa. Na rusuna har gwiwata ta taɓa ƙasa. "Hajiya, barkanku da asuba."

"Lafiya lau, Malam." Tana kallon bango. Sai dai kafaɗarta na ɗan rawa.

Sannan ta juya wajen 'yarta. "A faɗa wa Malam an gode, an ga shiri cikakke. A kuma faɗa masa na bayan ya fi na gaban. Sai dai akwai gyara: ni da hannun dama nake riƙe carbi."

A daren ne uwargida, bayan ta yi dariya har ɗaurin zaninta ya kusa kwancewa, ta gaya mini sauran. Tun washegarin ɗauke wutar, da rana ina wajen aiki, tashar ta maimaita kashi na tara, wuta kuma ta zauna daram. Hajiya ta kalle shi tsaf daga farko har ƙarshe. Ta hana a gaya mini. Ta ce yaro yana ƙoƙari, ba kyau a karya masa gwiwa.

To, ga wanda ke son sakamakon bincikena, na biya kuɗinsa da tsada, ku karɓa kyauta. In masu shirin sun saka shi da kansu a YouTube, nan ne wurin. Ka duba sunan tashar kafin ka duba hoton kofi, ka tsaya a 360 ko 480, domin a fuskar waya sun wadatar. In kana da hali kuma layin bankinka na aljihunka, manhajar biya ta fi kwanciyar hankali da halacci. Gunduwoyin minti uku na mai neman hawan jini ne. Shafin da ke da maɓallin saukewa fiye da ɗaya, ka gudu, musamman in kana kusa da masallaci. In kuwa fayil na cikin waya, mai hular nan ba ta da na biyu, ita ba ta ƙi komai ba, kuma matsalar ke nan. Kafin ka miƙa wa babba wayarka, ka san abin da ke biye. Kafin duk wannan kuma, ka tambaya ko za a maimaita gobe.

Da arba'in ta cika na kai Hajiya tasha. Ta shiga mota, ta gyara mayafi, ta kira jikanta ta taga ta raɗa masa magana. Ya dawo yana washe baki. "Abba, wai yaushe za a saki kashi na biyu?"

Na ɗauka a nan ta tsaya. Sai da babbar sallah, da muka je Gumel gaisuwa, na gane yaron nan ba banza ya iya Xender ba, kuma Hajiya ba ta bar Kano hannu rabbana ba. Ina sauka daga mota, da sabuwar shadda da hula zanna, wani yaro mai tallan rake da ban taɓa gani ba ya tsaya ya ƙare mini kallo. Sai ya juya ya ƙwala wa abokansa kira:

"Kai, ku zo ku gani! Wallahi ga Hajiya!"